Darasi na 14: Jirgin sama mai sauka a ruwa, da kuɗin kai shi tafki

Duk wanda ya taɓa sayo bandar kifi a Lagdo don ya kawo kasuwar Mokolo ya san inda ribarsa take zurarewa. A bakin gaɓa ake fara cin ta, sa'ad da za a sauke kwanduna daga kwale-kwale a ɗora wa 'yan dako. Sai tasha, inda za a loda wa mota a biya ɗan kamasho. A Garwa a sake mota, a Marwa a sake wata. Kayan ba su ƙaru ba, nauyinsu bai canja ba, amma duk inda suka bar wani abin hawa suka koma wani, sai hannu ya shiga aljihu. Wannan darasi a kan irin wannan wurin sauyi yake, sai dai abin da za mu ɗauka daga tudu mu kai ruwa a yau jirgin sama ne sukutum.

Na san wani zai ce, Malam, mu da ko filin jirgi ba mu da shi sai mun yi tafiyar kilomita wajen 80 zuwa Marwa, ina ruwanmu da jirgin da ke sauka a tafki? Amsata ita ce, a wannan aji karatu da lissafi muke koyo don amfanin kanmu, kuma ban san takardar da ta fi takardar kuɗin filin jirgi koya wa mutum yadda ake karanta farashi ba. Kowane layi a cikinta yana da dalili, kuma doka ta ce a rubuta kuɗin a fili. Mutumin da ya iya bin wannan takarda layi-layi, takardar asibiti ko ta kwastan ko ta kuɗin wuta ba za ta ruɗa shi ba. Ban da haka, irin wannan jirgi ba baƙo ba ne a kogin Binuwai, kamar yadda za ku ji.

Jirgi mai ƙafar ruwa

Kun san yadda masunci yake kifa ƙatuwar gora ya kwanta a kanta ya yi ta yawo a ruwa. Iskar da ke cikin gorar ce take riƙe shi. To, an ɗauki wannan dabarar an yi wa jirgin sama. A inda taya take, sai a ɗaura masa dogayen tankuna biyu marasa nauyi, kowanne mai siffar siririn kwale-kwale da aka rufe bakinsa. A wannan darasi za mu kira su ƙafafun ruwa. Cikinsu ba rami ɗaya ba ne, an rarraba shi ɗaki-ɗaki, don in ɗaya ya huje sauran su riƙe jirgin. Ruwa kuwa ba ya rasa ta inda zai tsatso, saboda haka kafin kowace tafiya sai matuƙi ya bi ɗakunan nan da ɗan famfon hannu ya zuƙe abin da ya taru.

Akwai iri na biyu, wanda cikinsa ne kansa aka ƙera kamar jirgin ruwa, ya zauna a ruwa da ƙirjinsa. Akwai kuma na uku, mai ƙafar ruwa da aka ɓoye tayoyi a cikinta: in zai sauka a titin jirgi ya fito da su, in zai sauka a ruwa ya janye su. Wannan na uku za mu kira shi mai gida biyu. Ku riƙe sunan, don kusan duk maganar kuɗin da za mu yi ta rataya ne a kan ko jirgi mai gida biyu ne ko mai gida ɗaya.

Wani Bafaranshe mai suna Henri Fabre ne ya fara tashi daga kan ruwa da jirgi mai inji, ranar 28 ga Maris 1910, a tafkin Berre kusa da birnin Marsel. Shekara 16 bayan haka, a watan Oktoba 1926, daga wannan tafkin dai, hafsoshin sojan ruwan Faransa biyu, Marc Bernard da René Guilbaud, suka tashi da jirage biyu masu sauka a ruwa, suna nufin Madagaska. A lokacin babu filayen jirgi na kirki a yawancin Afirka, sai suka mai da koguna titinsu. Suka bi kogin Sanagal, suka faɗa Kwara ta Bamako da Gao, suka gangaro har Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa. A nan injin Guilbaud ya lalace. Bernard da makanikensa suka ci gaba su kaɗai, suka hauro Binuwai ta Garwa, suka ratsa tsakiyar nahiyar, suka isa Madagaska a watan Nuwamba. Ku lura da abin da ya sa suka zaɓi irin wannan jirgi: ruwa titi ne da Allah ya shimfiɗa, ba sai an zuba kwalta ba. Da aka giggina filayen jirgi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai manyan jiragen ruwan sama suka ja baya, ƙanana suka rage a wuraren da hanya ba ta kai ba.

Yaya ake kai shi ruwa?

Jirgi mai gida ɗaya ba shi da taya ko ɗaya. In yana kan ruwa, sarki ne. In an fito da shi tudu, ko taku ɗaya ba ya iya yi. Amma tilas ya riƙa zuwa tudu, domin rumfar gyara tana filin jirgi, makanikai masu lasisi suna can, kayan gyara ta can suke isowa, kuma doka ta wajabta a riƙa duba lafiyar jirgi a kan lokaci. Saboda haka akwai sana'a guda, da mutanenta da motocinta, wadda ba ta da aiki sai ɗaukar jirgi daga ruwa zuwa tudu da mayar da shi.

Inda wannan sana'a ta fi ƙarfi a duniya shi ne tafkin Hood, a birnin Ankorej na jihar Alaska a Amurka. Garuruwa da yawa a Alaska mota ba ta zuwa, ga tafkuna birjik, sai ƙaramin jirgi ya zame musu abin da a-kori-kura ta zame mana. Tafkin yana manne da babban filin jirgin birnin, kuma hukuma ɗaya ce take kula da su duka. An haƙa mashigi an haɗa shi da maƙwabcinsa tafkin Spenard don a sami doguwar hanyar gudu a kan ruwa. In aka raba tashi da saukar shekara a kan kwanaki, ana samun kusan 190 a kowace rana. A can akwai wuraren da hanyar jirgi take gittawa ta hanyar mota, kuma mai mota ne yake tsayawa jirgi ya wuce.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ake bi a irin wannan wuri, inda ruwa da fili suke maƙwabtaka. Ana gina gangaren siminti wanda ya nutsa cikin ruwa. Mota ta tura wata doguwar tirela ta bi gangaren har ta shige ƙarƙashin jirgin, tsakanin ƙafafunsa biyu, a ɗaga shi kaɗan, a jawo shi waje yana ɗigar ruwa. A wasu wuraren sukan yanke bayan tsohuwar mota su haɗa gabanta da tirelar, direba yana fuskantar jirgin yana ganin abin da yake yi. Aiki ne na 'yan mintoci in ana da gwanin direba. In ba gwani ba, ƙarfe ɗaya ya daki ƙafar ruwa, an shiga gyaran da ya ninka kuɗin jan sau da yawa.

Wahala tana farawa in tafkin yana nesa da filin. Mu kawo maganar gida. Filin jirgin Garwa, inda alhazanmu suke tashi, yana nan. Tafkin Lagdo kuma yana wajen kilomita 50 daga garin, ta kudu maso gabas. A sama, tafiyar ba ta kai ta rabin awa ba. To, jirgin da ba shi da taya, ta yaya zai tashi daga kwalta?

Matuƙa sun samo dabara, kuma duk lokacin da na bayyana ta sai na ga ɗalibai sun gyara zama. Ana ɗora jirgin a kan tirela ba tare da an ɗaure shi tamau ba, a kai shi bakin titin jirgi. Matuƙi ya shiga ya ta da inji, direba ya ja mota. Su yi ta ƙara gudu tare, motar a gaba, jirgin a bayanta, har iskar da ke bi ta fukafukai ta isa ɗaukarsa. Sai matuƙi ya ɗaga shi daga kan tirelar ya haye ta saman motar ya tafi. Direban ba shi da damar taka burki ko ya ji tsoro, sai ya tabbata jirgin ya rabu da shi. Irin wannan tashi ba a yin sa sai da izinin hukumar filin, domin muddin ana yi, titin a rufe yake ga kowa.

Dawowa ta fi wuya, don ba a sauka a kan tirela. Abin da wasu ƙwararru suke yi shi ne su sauka a kan ciyawa mai laushi, musamman da sassafe tana da raɓa ko bayan an yi ruwa, ƙafafun su zame a kanta har jirgin ya tsaya. A ƙasashen sanyi wannan sananne ne. A ƙasarmu kuwa, inda rani yake mai da ƙasa kamar dutse ya bar ciyawa ƙarmami, ni ba zan ba kowa shawarar ya gwada ba, in ba a tsakiyar damina ba, a filin da aka bi da ƙafa aka tsince duwatsunsa.

Akwai hanyar canja ƙafa. A rataye jirgin da injin ɗaga kaya, a kwance ƙafafun ruwa a ɗaura tayoyi, ko a yi akasin haka. A Alaska da Kanada aikin shekara-shekara ne, domin tafkunansu suna daskarewa da hunturu: kafin ƙanƙara ta kama, a fitar da jirage a sa musu taya ko faifan zamiya, in ta narke a mayar da ƙafar ruwa. Makaniki mai lasisi ne yake yi, ya sake lissafin nauyin jirgin, ya sa hannu a littafinsa.

Hanya ta ƙarshe, wadda ba a so sai dole, ita ce a bi da shi ta hanyar mota. Jirgin Cessna Caravan, wanda ake yawan ɗaura wa ƙafar ruwa, faɗin fukafukansa ya kusa mita 16. Babu yadda za a yi ya bi ta gadar Binuwai da ke Garwa a haka. Sai an cire fukafukan, an loda su daban, an nemi takardar ɗaukar kaya mai faɗi da 'yan rakiya, a isa bakin tafki a sake haɗawa, a sake gwadawa. Tafiyar da ba ta kai rabin awa a sama ba ta zama aikin kwanaki.

Shi kuwa mai gida biyu duk ya huta da wannan. Ya tashi da tayarsa daga kwalta, ya janye ta, ya sauka a ruwa. Amma hutun ba kyauta ba ne. Ƙafarsa ta fi tsada, ta fi nauyi, kuma duk kilon da tayoyi da ƙarafansu suka ci, an rage shi ne daga fasinja ko kaya. Sannan yana da haɗari nasa na kansa: in matuƙi ya manta ya sauka a ruwa da taya a waje, tayar za ta cake cikin ruwan, jirgin ya kife da ka. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su faɗa da baki kafin kowace sauka cewa ga inda za su sauka, ga kuma inda taya take, su leƙa su gani da idonsu. Masu inshora sun san da wannan haɗari, kuma suna sa shi a farashinsu.

Ba kowane ruwa ba

An gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982, da ma'aikatan ƙasar Sin, don samar da wutar lantarki ga arewacin Kamaru da kuma noman rani. Injinanta huɗu an yi su ne su ba da megawat 72. Tafkin da ya taru a bayanta ya kusa murabba'in kilomita 600 in ya cika. Ta fuskar girma, ya ishi kowane ƙaramin jirgi ya yi gudu ya tashi.

Girma kaɗai bai isa ba. Ruwan tafkin yana hawa da damina yana janyewa da rani, gangaren da ya nutse a watan Satumba yana iya zama a tudu a watan Afrilu. Mutanen Garwa sun san wannan tun zamanin da jiragen ruwa suke haurowa daga Najeriya su ɗebi auduga da gyaɗa a tasharsu: 'yan makonni ne kawai a shekara kogin yake ɗaukarsu, wanda ya makara sai baɗi. A ƙarƙashin ruwan dam kuma akan sami kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, da duwatsu masu leƙowa in ya ja baya. Ga dorina, wadda ba ta san da zuwan kowa ba sai ta ɗago kai. Ga tarun masunta da kwale-kwalensu, su da tafkin yake ciyarwa tun kafin a yi maganar jirgi.

Jirgi a kan ruwa ba shi da burki. In matuƙi ya rage wuta, iska ce take juya shi, kullum hancinsa yana neman inda take busowa. Abin mamaki kuma, ruwan da ya kwanta luf kamar madubi ya fi mai 'yar igiya haɗari. Wajen tashi yana riƙe ƙafar jirgi kamar danƙo, wajen sauka kuma ido ba ya iya gane nisansa, matuƙi ya zaci da saura alhali ya iso. Ku ƙara da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun ƙarfinsa duka, fukafukai ba sa samun abin kamawa sosai, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanya ko a rage masa kaya. Da hunturu kuma hazo ya rufe, ruwa da sama su zama launi ɗaya.

Akwai abu guda da ba a cika tunawa da shi ba. Ƙafar jirgi tana iya kwaso ciyawar ruwa daga wannan tafki ta kai wancan. Wanda ya ga yadda kainuwa take rufe kududdufi, ko ya ji abin da kacalla ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake buƙatar a duba ƙafafun a wanke kafin a sauya tafki, wasu tafkunan kuma, musamman na ruwan sha, an hana jirgi sauka a cikinsu ƙwata-ƙwata. Ni ina ganin hanin daidai ne. Dam ɗinmu na Mokolo ruwan sha yake ba mu, kuma ba zan so in ga mai yana yawo a samansa ba, ko nawa za a biya.

Wa ake biya, kuma don me?

A filin jirgi irin na Garwa, hukumomi uku ne ya kamata ku san sunansu. Kamfanin ADC shi ne mai kula da filayen jirgin Kamaru. Hukumar CCAA ita ce mai sa ido a kan dokar sufurin sama da lasisi. Sai ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, wadda aka kafa a 1959 a garin Sanluwi na Sanagal. Kamaru da Nijar da Cadi duk suna cikinta, Najeriya kuwa tana da tata hukumar daban. A bisansu duka akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Shikago a 1944. Sashe na 15 na yarjejeniyar ya ce kuɗin da ƙasa take karɓa don amfani da filayenta tilas a wallafa shi, kuma kada a caji jirgin wata ƙasa fiye da na gida in aikinsu na ƙasa da ƙasa iri ɗaya ne. Wannan sashe nake so ku riƙe fiye da komai a darasin nan. Farashin da aka rubuta aka kafe, mai ƙarfi da mara ƙarfi duk shi za su biya, kuma wanda aka zalunta yana da abin nunawa.

Kuɗi na farko shi ne na sauka. Ba a ƙirga fasinjan da ke ciki, ba a kuma auna jirgin a ranar. Ana duba takardarsa a ga iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi, a yi lissafi a kan kowane tan. Dalilin a fili yake: jirgi mai nauyi ya fi cin titi. Caravan mai ƙafar ruwa iyakarsa ta kusa kilo 4,000. Twin Otter mai inji biyu, kilo 5,670. Tsohon jirgin nan Beaver na Kanada, wanda ya fara tashi a 1947 kuma har yau yana aiki, wajen kilo 2,300. Ko da jirgi ya zo wayam babu kowa a ciki, kuɗin saukarsa bai ragu ba.

Sai kuɗin ajiya, wanda yake bin nauyi da awowin da jirgi ya yi a fili. Sai kuɗin fitilun titi, in an sauka ko an tashi da dare. Sai kuɗin jagorar sama, na masu magana da matuƙi ta rediyo. Sai na kowane fasinja, wanda yawanci yana ɓoye cikin kuɗin tikiti. Waɗannan kowane jirgi yana biyansu.

Mai ƙafar ruwa yana da ƙari a kan haka, kuma a nan ne muka dawo bakin gaɓar da muka fara da ita. Akwai ladan mota da tirela da direba, sau biyu, fitarwa da mayarwa. Akwai kuɗin amfani da gangare. In an canja ƙafa, akwai hayar injin ɗaga kaya, da awowin makaniki, da hayar wurin da za a ajiye ƙafafun da aka cire har lokacinsu ya zagayo. A kan ruwa kuma akwai hayar wurin ɗaurewa. A tafkin Hood wuraren ɗaurewa sun yi wa masu nema kaɗan, har mutum yakan rubuta sunansa ya yi shekaru yana jiran layi. Man jirgi ma in babu famfo a bakin tafki, sai an kai shi da mota, a biya kuɗin kaiwa.

Ƙasar Maldibs, tarin tsibirai a tekun Indiya, ta nuna yadda abin yake kaiwa ga aljihun fasinja. Baƙo yana sauka a babban filin Velana, a ɗauke shi a bas zuwa tashar jiragen ruwan sama da ke gefen tsibirin, ya shiga Twin Otter zuwa masaukinsa. Tafiyar ba ta da tsawo, amma zuwa da dawowa yakan ci ɗaruruwan daloli. Jiragen kuma da rana kawai suke aiki, wanda jirginsa ya iso da dare sai ya kwana a kusa, ya biya ɗaki.

In da za a fara irin wannan aiki a Lagdo, akwai layin da nake so a gani a takardar, wanda ba a cika sawa ba. Kafin jirgi ya sauka sai an share masa hanya a ruwa, ma'ana masunta su ɗauke tarunsu daga wani yanki su kauce. Wannan asara ce a gare su, ko da ta awa ɗaya ce. Wanda ya rufe titin jirgi don tashi daga tirela yana biyan hukumar fili. Wanda ya rufe wa masunci ruwa ma ya kamata ya zauna da shi da shugabanninsa a yi ciniki, a rubuta, a sa hannu.

Lissafi

Farashin da ke nan na koyo ne, ni na sa su don aikin aji, ba na wani fili ba ne. A ce kuɗin sauka sefa 2,000 ne a kowane tan, kuma ɓarin tan ana cika shi ya zama tan guda. Jirgi mai kilo 3,970 za a ɗauke shi tan 4. Kuɗin saukarsa 4 sau 2,000, wato 8,000. A ce ajiya sefa 100 ce a kowane tan a kowace awa, amma awa biyun farko kyauta ne. Jirgin ya yi awa 10 a fili. A cire 2, saura 8. Sai 8 sau 4 sau 100, wato 3,200. Jimla 11,200. Ku lura da wurare biyu da ake yawan kuskure: cika ɓarin tan, da cire awowin kyauta kafin a ninka.

Aikin gida

1. Da wannan farashin, ku lissafa abin da Twin Otter mai kilo 5,670 zai biya in ya sauka ya yi awa 6.

2. Mai jirgi mai gida ɗaya yana biyan sefa 40,000 duk fitarwa daga ruwa, 40,000 duk mayarwa, kuma yana zuwa gyara sau 4 a shekara. Nawa ke nan a shekara? In ƙafa mai taya za ta sa ya riƙa barin fasinja ɗaya a kowace tafiya, me kuke buƙatar sani kafin ku ba shi shawara?

3. Da bakinku, ku bayyana wa wanda bai zo aji ba abin da ya sa ruwan da ya kwanta luf yake da haɗari ga matuƙi.

4. Ku zaɓi kaya ɗaya da ake kawowa kasuwar Mokolo daga nesa, ko kifi ko siminti ko taki. Ku tambayi mai kawo shi sau nawa kayan suke sauya abin hawa, nawa yake biya a kowane wuri, kuma a wanne ake ba shi rasit. Ku rubuta a layi-layi, ku zo da shi ranar darasi na gaba.